Nauyi ba ɗauri ba ne: fashin baƙi kan ɗaure kaya a tirela da gingimari

Duk wanda ya taɓa tsayawa kasuwar albasa ta Aliero a jihar Kebbi lokacin da kakar albasa ta kankama, ko bakin tashar Jega da yamma sa'ad da manyan motoci ke shirin ɗaukar hanyar kudu, ya san yadda lodi ke ƙarewa. 'Yan dako sun gaji, mai kaya na ta lissafin ranar da zai isa kasuwar Mile 12 ta Legas kafin farashi ya faɗi, direba ya tafi sallah ko cin abinci, sai a bar karen mota shi kaɗai bisa kaya da tamfol da wasu igiyoyi da rana ta gama cinyewa, ya jefa nan ya ja can ya ƙulla, ya diro ya ce oga an gama. In ka ce a ƙara igiya ko a sake jera buhunan baya, amsa guda ce kullum: "Haba malam, kayan ga tan 30 ne fa, ina za su?" To wagga magana ita nake son in warware, don na ga inda suke zuwa da idona.

Na yi shekaru ina bin kawuna, ƙanin mahaifiyata, a gingimari mai bodin katako daga baya kuma tirela, mu kai albasa ko shinkafa kudu mu dawo da katako ko kwano ko abin da Allah ya hore, hanyar nan dai da kowa ya sani, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Makwa, a haye gadar Jebba a shiga Ilori har Legas, wajen kilomita 900. Yanzu na bar bin mota amma har gobe harkar lodi nake, don haka rabin abin da zan faɗa a hannun kawu na koye shi, rabi kuma daga baya ne na karanta na gane dalilin abubuwan da yake tilasta muna yi da tsawa.

Mu fara da abin da ke faruwa in direba ya taka birki. Mota na gudun kilomita 80 a awa, to kayan da ke bayanta su ma gudun 80 ɗin suke, ba zaune suke ba kamar yadda ido ke gani. Birki taya yake kamawa, taya ta kama kwalta, mota ta rage gudu, amma buhu ba shi da birki, shi gaba kawai ya sani. Abin da ke sa fasinja ya dungura ya bugi kujerar gabansa in anka taka birki ba shiri, shi ne ke samun buhu da duro da rodi. In ba a ɗaure kaya ba abu guda ne tak ke riƙe da su a wannan lokacin, wato tirjiyar da ke tsakanin gindin kaya da daɓen mota. A nan mutanenmu ke ruɗewa. Gaskiya ne abu mai nauyi ya fi tirjewa, amma ƙarfin da ke ingiza shi gaba shi ma da nauyin yake ƙaruwa, daidai wa daida, don haka nauyin bai ƙara maka komai ba. Mai musu ya gwada a gida, ya samu falankin katako ya ɗora cikakken bulo a gefe guda da rabin bulo a ɗaya gefen, ya riƙa ɗaga kan katakon sannu a hankali, zai ga kusan tare za su fara zamewa, babban bai jira komai ba. Bambancin kawai shi ne rabin bulo in ya faɗo maka a ƙafa ɗingishi za ka yi, tan 30 kuwa in ya taso babu abin da ke gabansa sai kan mota inda direba da yaronsa ke zaune.

Masana a Turai da Amurka sun auna wanga abu sun sa shi cikin doka, kuma alƙalumansu sun zo ɗaya: dole ɗauri ya iya riƙe ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, saboda birki, da kashi 50 ta gefe saboda kwana, da kashi 50 ta baya saboda tashi da hawan tudu. Ka ɗauki tirelar siminti irin waɗanda ke fitowa kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato su ratsa ta Jega, buhu 600 mai kilo 50, tan 30 ke nan, in anka taka birkin gaggawa abin da ke neman gaba zai iya kai tan 24, a kwana kuma tan 15 ke neman gefe. Yanzu ka dubi igiyar nan shuɗiya mai kaurin ɗan yatsa ka tambayi kanka ko ita ce za ta riƙe tan 24. Ba za ta iya ba, kuma dama ba aikinta ba ne. Igiya ko bel ɗin da anka jefa ta bisa kaya anka ɗame gefe da gefe ba riƙe kaya yake ba kamar yadda ake riƙe akuya da tsawo, danna su yake ƙasa don tirjiya ta ƙaru. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta ƙara igiya sako-sako yana ganin ya yi aiki, alhali igiyar da ba ta ɗame ba ko ashirin ce ado ce kawai.

Tunda tirjiya ce ke aikin, daɓen mota ya zama babbar magana. Katako kan katako na riƙe wajen kashi 45 cikin 100, tabarmar roba irin wadda anka yi don wanga aiki na kai 60, ƙarfe kan ƙarfe kuwa in ga ɗan mai ko bakin mai ya zuba sai ya faɗo ƙasa da 20. Bari in yi lissafi da janareta ko injin casar shinkafa mai tan 10 da anka ajiye tsakiyar falat bodi babu abin da ya tokare shi. A ce tirjiyar daɓen kashi 30 ce, birki na neman 80, saura 50, wato tan 5 da babu mai riƙe shi. Kafin ka samu wannan tan 5 ta hanyar dannawa kaɗai sai ka danna injin ƙasa da ƙarfin wajen tan 17, kuma bel guda mai kyau in ka ɗame shi da hannu abin da yake dannawa gefe biyu a haɗe wajen kilo 800 ne, raba ka gani, bel 21. Wa ka taɓa gani ya sa bel 21 kan janareta? Amma shimfiɗa roba ƙarƙashinsa tirjiya ta koma 60, abin da ya rage tan 2 ne, dannawar da ake bukata ta dawo tan 3 da 'yan kai, bel 5 sun wadatar. Daga 21 zuwa 5, saboda shimfiɗa kawai. Mu nan yankakkiyar tsohuwar taya muke sawa, ba ta kai waccan ba amma ta fi ƙarfe tsirara nesa ba kusa ba. Shi ya sa kuma kawu ba ya yarda a ɗora buhu ko ɗaya sai an share mota tas, don ƙwayar gero ko shanshera ko yashin da ya rage daga lodin jiya in ya shiga ƙarƙashin buhun leda tamkar ka zuba masa 'yan boris ne, mirginawa zai yi. Tsintsiya ta fi wata igiyar amfani, wallahi da gaske nake.

Abin da ya fi dannawa ƙarfi shi ne tokarewa. Kaya su jingina da allon gaba, su cika bodi gefe da gefe, kada a bar fili. Hausawa na cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, to haka kaya suke, in ka bar musu ko taku biyu tsakaninsu da allon gaba ka ba su filin ɗaukar gudu, kuma karon abin da ya taho da gudu daban yake da turin abin da ke jingine. Allon da zai iya tare kayan da ke manne da shi, kayan nan dai in sun zamo daga nesa sai su ɓalle shi. Wani lokaci dole a ja kaya baya kaɗan don nauyi ya rabu daidai kan tayoyi, to sai a cike filin da katako mai kauri ko falet, wato dandamalin katakon da ake jera kaya bisa, a tokare tun daga ƙasa. Gingimari mai bodin katako a nan ta fi falat bodi sauƙi tunda tana da bango, sai dai bangon nan katako ne da kusoshi, kuma ana yi masa ɗaurin ciki ne daga wannan gefe zuwa wancan don kada ya buɗe, wanda ya cire sarƙar tsakiyar nan don ta hana shi lodi ya cire ƙashin bayan bodin.

Jerin buhu kuwa gini ne. Magini ba ya ɗora bulo kan bulo a miƙe, sarƙa su yake, kowane bulo ya hau kan biyu, to haka buhu, sahu ɗaya a tsaye sahu na gaba a gicciye, bakin ɗinki na kallon ciki, in an wuce tsayin bodi kowane sahu ya ɗan shige ciki har sama ta tsuke. Lodin da anka yi haka ko ba igiya zai yi tafiya mai nisa bai motsa ba, wanda kuma anka jera buhu kan buhu kamar ginshiƙai kowane layi zaman kansa yake, kwana ɗaya mai zafi sai su buɗe kamar an tsaga kabewa. Tsofaffin 'yan lodin Aliero da na Kamba da na Yawuri sun san wannan sarai, matsalar ita ce gaggawa, da biyan kuɗin dako kan kowane buhu, wanda ke sa kowa sauri yake a gama.

Albasa tana da nata hali da ya sa ɗaurinta ya fi na shinkafa wuya. Abu ne mai rai, tana numfashi tana fitar da ruwa, in ka matse ta da yawa ta dame, in ka rufe ta ruf da tamfol cikin zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 ta dahu tun kafin Makwa. Kuma tana zama, wato girgizar hanya na sa ƙwayoyin su shige cikin juna buhu ya rage tsawo, igiyar da ka ja tana ƙara kamar tsirkiyar gurmi a Aliero kafin ka kai Koko ta yi laushi. Don haka ita ba a gama ɗaurinta a tasha, a hanya ake gamawa. Dabarar ita ce a shimfiɗa katako ko kara mai kauri a tsawon gefen sahun sama igiya ta hau kansa, ƙarfin ya bazu kan buhuna da yawa maimakon ya nutse cikin guda ya yanka shi.

Akwai kuma maganar yadda igiya ta sauko. In ta sauko daga saman kaya a miƙe zuwa ƙugiya, duk ƙarfin da ka ja ƙasa yake dannawa. In kaya gajere ne a tsakiyar bodi mai faɗi, kamar bandir ɗin kwano ko faranten ƙarfe, igiyar kwanciya take, in kwanciyar ta kai digiri 30 rabin ƙarfin ne kawai ke danna kaya, in ta fi haka kwanciya kusan gefen mota kawai kake ja. Maganinsa a ɗora katako ko falet bisa kayan don igiya ta samu tsawo, ko a zagaye kayan da ita a dawo gefe guda, a yi wata ta ɗaya gefen.

Igiyar kanta, wadda muke kira nailan mai launin shuɗi ko kore, yawancinta ba nailan ba ce, roba ce irin ta buhun leda, kuma babban makiyinta rana. Ka ga ta koɗe ta yi fari-fari, in ka murza ta gari na zuba a hannunka ko zaruruwa na tsinkewa suna sukar ka, ta mutu, a mayar da ita shanya. Igiyar rama tana kama ƙulli da kyau amma in ta sha ruwa ta tsuke, in ta bushe ta saki, in an naɗe ta da danshi ta ruɓe daga ciki ba ka sani ba. Sannan duk ƙulli rage ƙarfin igiya yake, wani har kusan rabi, ke nan igiyar da ta tsinke sau uku anka ƙulla sau uku sunanta igiya ne kawai. Ɗaurin da 'yan mota ke yi kuwa, a yi hanci a jikin igiya can sama, a zagayo da wutsiyar ta ƙarƙashin ƙugiya a mayar cikin hancin a ja ƙasa, hikima ce babba don yana ninka ƙarfin mai ja, a lissafi sau uku, a aikace wajen sau biyu saboda gogayya. Amma wannan gogayyar ita ke cin igiya a daidai hancin, shi ya sa ake sauya wurin da ake yin sa, kuma a kulle wutsiyar da ƙulli biyu, kada a bar ta tana lilo kusa da taya. Robar cikin taya da ake ɗaure kaya da ita kan kabu-kabu da amalanke, can ta dace, abin da ke miƙewa ba ya riƙe lodin babbar mota.

Bel mai racet, wato ƙarfen nan mai hannu da haƙora da ake ɗame shi da shi, ya fi igiya, babu tantama, ba ya miƙewa sosai kuma yaro ɗaya zai ɗame shi fiye da yadda ƙarti uku za su ja igiya. Sai dai a kasuwa ana ce maka "mai tan 5 ne", mutane su ɗauka bel shida sun riƙe tan 30. Duba 'yar takardar da ke ɗinke jikinsa. Za ka ga LC 2500 daN, ma'ana abin da zai iya ɗauka in an ja shi a miƙe wajen tan 2 da rabi ne, tan 5 ɗin sai in an ninka shi biyu. Lambar da ta shafi mai jefa bel ta bisa kaya ita ce wadda anka rubuta STF, yawanci tsakanin 300 da 500, wato kilo nawa racet ɗin ke iya ɗamewa, ita na yi lissafin janareta da ita ɗazu. Launin takardar ma magana ne, shuɗiya foliyesta ce wadda ta fi jure rana da ruwa, koriya nailan, ruwan ƙasa kuma irin robar buhu. Bel ɗin da babu takarda ko kaɗan, ƙarfinsa sai Allah.

Kuskuren da na fi gani da bel guda uku ne zuwa huɗu kuma kullum su ne. A zura bututu a hannun racet a danna da ƙafa, alhali an yi shi ne don ƙarfin hannu na kilo 50, sai haƙoran su lanƙwashe ko ya ɓalle ya daki haɓar mutum. A ɗora bel kan kaifin kwano ko kusurwar ƙarfe babu kwali babu guntun taya, girgiza ta yi ta goga shi kamar zarto, kuma bel in ya samu yanka a gefe ko kaɗan ne daga nan zai yage gaba ɗaya. A ƙulla bel da ya tsinke, wannan kam haramun ne a aikin. Sai maƙala ƙugiya a 'yan ƙananan ƙarafan gefen bodi da mai walda ya ɗiga don igiyar tamfol, bel mai tan 2 da rabi a jikin waldar da ba ta riƙe kilo 200, ka ga ai waldar ce ƙarfin ɗaurinka. A nemi jikin shasi ko zoben da anka yi don haka. Wani abu kuma da ba kowa ya lura ba, gefen da racet yake ya fi ɗaya gefen ɗamewa saboda bel na tirjewa a kusurwar kaya, don haka a riƙa sauyawa, wannan racet dama na gaba hagu, in ba haka ba kai da kanka kana jan lodi gefe guda.

Rodi da bututu da katako dogaye su na fi tsoro. Rodi mai tsawon mita 12 santsi gare shi, kuma na tsakiyar dami babu abin da ya taɓa shi sai 'yan uwansa, in an taka birki fitowa yake kamar mashi ya huda allo ya huda kan mota. Shi sarƙa yake so, a shaƙe kowane dami a zagaye shi gaba ɗaya, a sa katako tsakanin sahu da sahu, a tokare gaba da ƙarfe mai kauri, abin da ya leƙo baya a ɗaura masa jan ƙyalle. Tarakta da injin girbin shinkafa da ake yawo da su tsakanin fadamun Argungu da Suru da Bunza, su ba a danna su ta sama, sarƙa huɗu ake ja daga kusurwa huɗu zuwa jikin mota, biyu na ja gaba biyu na ja baya, a sa waigi a taya. Duro a tsaye, a haɗe su a zagaye da bel su zama abu guda. Kwantena kuma makullai huɗu gare ta a kusurwa, ba ta da wani ɗauri bayan su, amma sau nawa muke ganin ta zaune kan falat bodi haka nan ko da 'yar sarƙa guda? Ranar 29 ga Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan wata bas a gadar Ojuelegba a Legas mutum 9 sunka rasu, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Tamfol ba ɗauri ba ne, rufi ne. A ɗaure kaya tukuna sannan a rufa, in guda biyu ne a fara shimfiɗa na baya, na gaba ya hau kansa don iska kada ta samu baki ta shiga.

Duk wanga bayani kuma in lodi ya yi tsawo fiye da kima ya tashi banza, don a nan ba kaya ne za su zame ba, motar ce da kanta za ta kwanta, kuma ɗauri mai kyau sai dai ya sa su kwanta tare. Ƙarfin da ke jan mota waje a kwana ba bin gudu yake sannu-sannu ba, in ka ninka gudu biyu shi sau huɗu yake ninkuwa, kwanar da ka sha lafiya da 30 in ka shige ta da 60 abin da ke tura ka gefe ya ninka huɗu. Ƙara da ramukan hanyarmu da gefen kwalta da ya zaizaye, taya ɗaya ta faɗa, lodin da ya yi tsawo ya rinjaya, shi ke nan. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama, wannan ko yaro ya sani, amma sai ka ga an cika mota da buhuna an ɗora babura bisa, an ɗora mutane bisa baburan. Wannan ɗaukar mutane bisa kaya ita ce ta fi ci mani rai, na san talauci ne ke sa ɗan ci-rani ya hau don kuɗin bas ya fi ƙarfinsa, amma buhu in ya faɗo asara ce ake lissafawa, mutum fa? Ga shi kuma masu zama bisa kaya kan sassauta igiya don su samu wurin riƙewa ko wurin kwanciya.

A Amurka doka ta ce direba ya tsaya ya duba ɗauri cikin kilomita 80 na farko, daga nan kuma duk awa 3 ko kilomita 240, wanda ya riga zuwa. Kawu bai taɓa jin wagga doka ba amma ita yake bi, Koko tasha ce ta dole, sai Yawuri, sai Kwantagora, kuma yanzu da hanya ta lalace da 'yan bindiga babu mai son tsayawa cikin daji, to sai a yi dubawar cikin gari inda ake shan shayi. Wata tafiya da albasa munka tsaya Koko da dare ya ce in zagaya in ja igiyoyi, ni kuma barci ya ci ƙarfina, na haska tocila gefen da ke kallon mai shayi na ga komai daidai na dawo. Ba mu kai Yawuri ba wata mota ta shigo muna hannu, kawu ya kauce, taya ta sauka gefen kwalta ya dawo da ita, sai munka ji ƙara daga baya kamar an karya itace. Lodin gaba ɗaya ya kwanta hagu, katakon bodi biyu sun tsage, motar na tafiya a karkace. Allah ya kiyaye ba mu kife ba kuma babu kowa bisa kaya. Da ya tsaya ya zagaya ya taɓa igiyoyin hagu, duk sun saki. Ya ce, "Kai yaro, mi nac ce ma a Koko?" Na ce, "Kawu na duba." Ya ce, "Da ido ka duba, ni ko hannu nac ce ka sa." Bai ƙara ko kalma ba. Wuni guda munka yi muna sauke buhuna muna sake jerawa cikin rana, albasar da ta dame mai kaya ya cire daga kuɗin mota, kawu ne ya biya.

Laifina ne a ranar, ban musu ba. Amma in an duba da kyau karen mota shi ne mafi ƙarancin iko a duk harkar kuma shi ake bar wa aikin da ya fi haɗari. Mai kaya kuɗin mota guda ya biya don haka so yake a ƙara buhu 50, ɗan kamasho na goyon bayansa don nasa kason ya ƙaru, mai mota zai sayi taya ya sayi batir amma ka ce ya sayi bel sai ya ce wanda ke akwai fa, alhali kuɗin bel 10 bai kai na taya guda ba, direba kuma in ya ƙi lodin akwai wani a bayansa da zai ɗauka. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda anka kafa tun 1988, tana kama obalodi da kayan da ba a rufe ba, sai dai kamu a kan hanya bayan mota ta yi kilomita 200 bai gyara jerin buhu ba. Inda gyara zai yiwu shi ne wurin lodi. Ni a ganina 'yan yuniyan na NURTW da masu motoci na NARTO da shugabannin kasuwa a Aliero da Jega da Kamba suna da ikon da ya isa, tunda babu motar da ke fita ba ta biya kuɗin tasha ba, to a sa tsohon direba guda ya zagaya kowace mota ya ja igiya da hannunsa kafin a ba ta takarda, wadda ta gaza a sauke sahun sama. Kuma a zaunar da yaran mota a koya musu, don yawancinsu babu wanda ya taɓa gaya musu dalilin komai, tsawa kawai suke sha.

Saura kwancewa, wadda mutane ke ɗauka ba komai ba ce tunda an iso. Kayan da sunka yi kwana biyu suna girgiza wataƙila igiyar nan ita kaɗai ta rage tsakaninsu da ƙasa, ka saki racet kana tsaye ƙarƙashinsu su biyo ka. Haka wurin jefa bel ta bisa mota, ƙugiyar ƙarfe ce a bakinsa, a leƙa ɗaya gefen a yi magana kafin a jefa, ko a maƙala ƙugiyar a jefa ɗaya bakin. In mun isa Mile 12 kawu ba ya bari kowa ya taɓa igiya sai ya zagaya motar da kansa ya dubi inda ta rinjaya, ya kori 'yan dako daga wannan gefen, a yaye tamfol, a kwance na gaba da na baya a bar biyu na tsakiya a ɗaure, yaro ya hau a sauke sahun sama har lodi ya dawo daidai bakin bodi, sannan ya ce a saki sauran.